Yadda Na Kai Ɗan Saude Kano a Cikin Masaki

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya, a wajen gaisuwa, har a gidan da na shiga aron rariya, sai an ce, "Gwaggo Habsu, yaya Kano? Da gaske ne ruwa na fitowa daga ƙarfe? Da gaske ne mace ce ta yanka yaron?" In na soma amsawa sai kuka ya ƙwace mini, a ce in yi haƙuri, a tashi a bar ni, gobe kuma wata ta sake tambaya. Shi ya sa na roƙi Malam Ilu, ɗan wana da ya yi lakkwal, makarantar boko, ya zauna da takarda in faɗa sau ɗaya ya rubuta. Ni ban san ko baƙi ɗaya ba. Wadda ta so ji ta same shi ya karanta mata. In na yi kuka, malam, ka ajiye alƙalami ka jira ni. Na daina jin kunyar kuka.

Mijina Malam Garba ya rasu damina biyu da suka wuce. 'Ya'ya bakwai na haifa masa, ɗaya ce ta tsaya, Saude. Ta auri Buba ɗan Baffa Jibo, masu shanu da gona irinmu. Da cikinta na fari ya tsufa ta dawo ɗakina kamar yadda aka saba, Buba kuwa yana can daji da shanu. Ta sauka asubar wata Jumma'a, bayan an gama cirar gyaɗa. Namiji.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Uwa ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, nono ma sai an matsa mata. Ni na koya wa Saude wannan kamar yadda aka koya mini, ta kuwa iya. Da ungozoma ta miƙa mata shi, ta juya fuska ga bango. Mata suka ce, "Habsu ta yi tarbiyya." Na ji daɗi. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Safiyar Asabar yaro bai yi baƙin kashin nan na jarirai ba, cikinsa kuma ya soma tashi. Ungozoma ta kifa shi a cinyarta ta duba, ta kira ni da ido. Babu ƙofa. Wurin a shafe yake kamar tafin hannu. Aka kira wanzami, ya duba, ya mayar da askarsa cikin zabira.

"Gwaggo, askata ta san beli, ta san kaciya. Wannan ban san zurfinsa ba. In na shiga a makance, ni da ke za mu amsa a gaban Allah. Ku kai shi Magaria."

Saude kuma jini bai tsaya mata ba, jikinta ya ɗauki zafi. Baffa Jibo ya tara maza huɗu suka ɗauke ta a kan gadon kara. Ban so ganin wannan ɗauka ba, kun san da me take kama. Yaro bai goyuwa saboda cikin, sai na ɗauko babban masakin da nake tara nono, na shimfiɗa tsumma, na kwantar da shi, na rufe da mayafi. Na ɗora a ka. Shekara arba'in ina kai nono kasuwa a haka ban taɓa zubarwa ba.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Dungass, mun shiga Magaria da la'asar. A gidan likita muka samu Mamman amfirmiye, mutumin Waca, shi ne mai duba marasa lafiya a wurin. Ya duba uwa, ya duba ɗa, ya fita ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, sannan ya dawo.

"Tsohuwa, zan faɗa miki ba ɓoyo. 'Yarki sai Damagaram, motarmu za ta kai ta da safe. Amma lokotoron, babban likitan da ke yanka a can, ya tafi ƙasarsu hutu, yaron nan kuwa ba zai jira shi ba. Kano za ki kai shi."

"To a kai su Kanon tare."

"Motarmu ba ta ƙetare iyaka. Abin da ke zuwa Kano kamiyo ne, babbar motar ɗaukar gyaɗa. In na ɗora ta a kansa, ba za ta kai Babura ba."

Haka aka raba: uwa arewa, ɗa kudu. Baffa Jibo zai bi surukarsa, ni in bi jikana.

Malam, rubuta wannan a hankali, don shi ne abin da ban iya faɗa a bakin rijiya. Da gari ya waye an kwantar da Saude cikin motar, ina tsaye da masaki a gefen ƙofa. Baffa Jibo na nan, mazan ƙauyenmu huɗu na nan. Sai na ga hannunta ya fito daga ƙarƙashin zane, yana lalubo bakin masaki. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Ke! Surukinki na tsaye."

Ta janye hannun. Mamman amfirmiye ya ce, "Haba tsohuwa, bar ta ta gan shi mana." Na ce, "Ba a yi a wurinmu." Saude ta mayar da fuska wancan gefen, ta ce da ƙaramar murya, "Inna, ki rufe wa abin nan kai, akwai iska." Aka rufe mota.

Direban kamiyon sunansa Sule, wani kakkauran mutum mai jan haƙora don goro. Ya sa ni a gaba kusa da shi, na ɗora masaki a gwiwa. Ban taɓa shiga mota ba sai ranar. Itatuwa suka riƙa gudu suna komawa baya, na runtse ido na riƙe masakin da hannu biyu. Amfirmiye ya ba ni dafaffen ruwa da sukari a kwalba, ya ce in riƙa jiƙa tsumma ina taɓa wa yaro a leɓe, kada in ba shi fiye da haka.

A Tinkim aka tsayar da mu wajen duwan, masu binciken kaya a bakin iyaka. Wani gardi yana soka dogon ƙarfe cikin buhuna, ya zagayo ya leƙo ta taga.

"Tsohuwa, me ke cikin masaki? Man shanu za a kai wa Ingilishi?"

Na ce, "Jikana ne."

Ya yi dariya ya ɗaga mayafin. Dariyar ta tsaya. Ya mayar da mayafin a hankali kamar shi ya haife shi, ya buga jikin mota da tafi. "Sule, me kake jira? Tafi!"

Can gaba kuma wani ɗan doka mai jar hula ya ce kowa ya buɗe dantse ya nuna shaidar lamba, tabon rigakafi. Tawa ta tsufa ta shige cikin yamutsin fata, sai da ya ja fatar da yatsa biyu ya gan ta. Ni da ba namijin da ya taɓa kama mini dantse sai Malam Garba. Muna wucewa na ga Sule ya bar hannun da muke bi ya koma ɗaya gefen hanya. Na zaci barci ya ɗauke shi, na dake shi a kafaɗa.

"Gwaggo, nan ƙasar Ingilishi ce. Hannun hagu suke bi."

"Da hagun suke cin tuwo kuma?"

Ya yi ta dariya har goro ya shaƙe shi. Ni ba wasa nake yi ba, tambaya nake.

Bayan Babura ƙafar mota ta nutse cikin rairayi. Waɗanda ke bisa buhuna suka sauko, aka yi ta haƙa ana sa kirare, rana tana tsaka. A nan yaro ya daina kuka. Tun Asabar kukansa ke huda mini kunne, da ya yi shiru sai na roƙi Allah ya dawo mini da kukan. Ina sa yatsa a hancinsa in ji iska, in cire, in sake sawa.

Kano ban gan ta sosai ba ranar, ido na cikin masaki. Abin da na tuna, na ɗaga kai sau ɗaya na ga inda gyaɗarmu ke zuwa: buhu bisa buhu har ya fi itacen kuka tsawo. Gidan likita su asibiti suke ce masa. A ƙofa akawu ya karɓi takardar da amfirmiye ya ba ni, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce Faransanci ne, sai an nemo mai karantawa. Sule ya ɗauki masakin daga hannuna ya dire a kan teburin, ya yaye mayafi.

"Malam, ga wata takardar. Wannan kowa ya iya karanta ta."

Nan take aka kira babbar nas, wata doguwar Bayarabiya mai Hausa a tsattsaye, ita kuma ta kira likita. Gaskiya ne, mace ce. Baturiya 'yar ƙarama, ba ta kai Saude jiki ba. Ta wanke hannu, ta taɓa cikin yaro, ta sake wanke hannu, kamar mai kokwanton alwala. Nas ta ce za a yanka yanzu, zai iya tashi, zai iya ƙin tashi, in na yarda in dangwala. Aka shafa mini tawada a babban yatsa. Na ce a raina, wannan yatsan uwarsa ya kamata ya zama, ita ko ganinsa ba ta yi ba. Na dangwala. Suka kwance layar da na ɗaura masa a wuya, na yi ƙara, nas ta ce, "Mama, ba za mu jefar ba." Da aka fito da shi gab da magariba, na tarar ta ɗaure layar a ƙarfen gadonsa.

Ba a barin mai jinya ya kwana a ciki. Sule ya kai ni Fagge, gidan wani ɗan Damagaram mai fataucin fata, matarsa Hajiya Yalwa ta ba ni tabarma a ɗakinta. Mutanen kirki ne, amma abincinsu bai zauna mini ba. Tuwon dawa suke yi, ni kuwa gero na sani. Furarsu ta sha yaji, nonon kuma an tsinka shi da ruwa har kana ganin gindin ƙwarya. Na faɗa wa Hajiya, ta ce, "Gwaggo, shanun Kano a famfo suke kiwo." Famfon kuma gaskiya ne. Ranar farko na murɗa shi na kasa mayarwa, na tsaya na toshe da hannu ina kiran jama'a, zanena ya jiƙe sharkaf.

Kashegari na koma asibiti tun da sassafe. An sa gadonsa a ƙarshen ɗakin mata masu jego. Ina zaune ina kallonsa sai ya yamutsa fuska, ya yi ja, ya yi nishi. Na buɗe tsumma. Baƙi ƙirin, mai danƙo, ya cika tsumman. Malam, na ga haihuwar maruƙa, na ga ruwan farko bayan fari, ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamar kashin nan ba. Na ɗaga tsumman sama ina kuka. Matar gadon kusa ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama. Nas ta shigo a guje tana faɗa, ta ga abin da ke hannuna, ita ma ta yi tafi.

Mai guɗar nan ita ce Hajara. Yarinya ce kamar sa'ar Saude, daga wani ƙauye gabas da Ɗambatta. Ta haihu a gida, jini ya ɓalle mata, aka ɗauko ta a gaggauce aka bar jaririyar wajen yayarta. Da aka ce yaro zai iya soma sha, ta gan ni ina fama da cokali.

"Ke tsohuwar Faransa, da ƙarfe ake shayarwa a ƙasarku? Kawo shi nan, rigata ta jiƙe tun jiya, ƙirjina kamar an ɗora dutse."

Na tambayi nas, ta tambayi likita, aka yarda. Ya kama kamar ya san ta. Hajara ta ce, "Tawa tana can tana shan na wata, naki ya sha nawa. Allah ya san yadda ya raba abinsa."

Abubuwansu na asibiti da yawa ban gane ba. Kowace safiya sai an ɗora shi a sikeli kamar gyaɗa. Nono ma sai agogo ya yarda. Ba ɗauri, ba jiƙo. Wata rana na ga cibiyarsa ba a gasa ba, na ɗumama tsingaro a murhun Hajiya, na naɗe a zane na shigo da shi a ɓoye. Nas ta kama ni hannu a ciki. Ta yi mini faɗan da ba a yi mini irinsa ba tun ina amarya, matan ɗaki suna dariya a cikin mayafi. Da ta huce ta zaunar da ni ta nuna mini aikin da zan yi: wani ɗan ƙarfe mai santsi, a dafa shi, a shafa mai, a sa a ƙofar da aka buɗe, safe da yamma. Yana tsala ihu, na so in janye hannu. Ta riƙe mini wuyan hannu.

"Mama, in kin ji tausayi kin bari, ƙofa za ta rufe. Ki yi kuka, amma ki yi."

Ranar bakwai ta zo, ba rago, ba liman, ban san sunan da aka raɗa masa a gida ba. Matan ɗaki suna ce masa Ɗan Faransa. Hajara ta fasa goro ɗaya gida biyar ta raba, ta ce sunan ke nan. Tana ta yi masa wasa tana sumbatar ƙafarsa a gaban kowa. Na ce, "Taki ta fari ce?"

"Ta fari."

"Kin kalle ta?"

Dariyarta ta ɗauke. "Ban samu ba, Gwaggo. Ina cikin kunya aka fito da ni. Ko kamanninta ban sani ba." Ta share hanci da bakin zane. "Wallahi in na koma, ko mai gari na tsaye sai na kalle ta har idona ya gaji."

Na tashi na fita bayan ɗaki na zauna a ƙasa. Hannun Saude nake gani yana lalubo bakin masaki. Tun daga ranar ban roƙi Allah komai ba sai abu ɗaya, ya bar ta har in kai mata shi. Sule in ya shigo Kano yakan biyo, abin da ya kawo mini sau ɗaya ne: an ce tana da rai.

An sallami Hajara kwana biyu kafin mu. Malam, rubuta wannan da babban baƙi, kada ya ɓace bayan na mutu: yaron nan ya sha nonon Hajara matar Ado maƙeri, ta gabas da Ɗambatta, ya ƙoshi ba sau ɗaya ba. 'Yarta Binta 'yar'uwarsa ce, babu aure tsakaninsu. Da za ta tafi ta ce, "Ki gaida uwarsa, ki ce na riƙe mata amana." Ban sake jin labarinta ba.

Kwana ashirin da uku muka yi. Na fito da ƙarfen a ƙulle cikin tsumma, da madarar gwangwani da cokali, yaro a bayana, masaki a ka ba kowa ciki. A Tinkim gardin nan ya gane ni. "Tsohuwa, ina man shanun?" Na juya masa baya. Ya leƙa, ya cire hularsa ya ce, "Allahu akbar."

A Magaria Mamman amfirmiye ya duba wurin yankan ya yaba. Ya ce Baffa Jibo ya aiko, an raɗa suna, Haruna. Sannan ya sunkuyar da kai. "Kada ki biya gida. Zafin ya shiga jinin 'yarki. Akwai kamiyon da zai tashi Damagaram yanzu."

Na same ta kashegari da hantsi, a wani dogon ɗaki mai gadaje. Da ban ga zanen da na saƙa mata ba da na wuce ta. Buba ya dawo daga daji yana tsugune a ƙasa, Baffa Jibo na zaune a gefen ƙafafunta da carbi, matan sauran gadaje duk sun zubo ido. Na kwance goyo. Saude ta gan ni, ta ga abin da ke hannuna, ta dubi surukinta. Ta juya fuska ga bango.

Ni na koya mata. Ba zan iya cire shi da baki a rana ɗaya ba, in na ce ta kalle shi a gaban Baffa ba za ta yi ba ko za ta mutu. Sai na kwantar da yaro a tsakaninta da bangon. Na cire mayafina, na kama bakinsa biyu, na juya mata baya, na buɗe hannuwa iyakar tsawonsu. Na tsaya tsakaninta da ɗakin duka.

Baffa Jibo ya dube ni, ya dubi mayafin. Sai ya juya ga ɗansa ya ɗaga murya kamar suna tsakiyar garke. "Kai Buba, jar saniyar nan mai ɗingishi, ka duba kofaton kuwa? Na ce maka ƙaya ce, ka ce ba ƙaya ba." Buba hawaye na zuba yana amsawa, "Na duba, Baffa." Suka yi ta zancen saniya, ba wanda ya san me yake faɗa. Matan gadaje ɗaya bayan ɗaya suka kau da kai.

A bayana na ji motsin zane. Na ji ta tana shinshinarsa. Na ji 'yar dariya, irin wadda take yi tana ƙarama in ta sami abin da aka ɓoye mata. Sannan na ji, a hankali, "Haruna." Ta sake. "Haruna. Kai ne ka je Kano ka bar ni?"

Kafaɗuna suka yi tsami. Ban sauke ba har aka kira azahar.

Kwana uku ta samu. Kowace rana ina tsayawa da mayafin, Baffa yana nemo wata saniyar. A rana ta huɗu da safe ta cika, yana kwance a jikinta. A Damagaram aka rufe ta, ban san ko zan sake ganin wurin ba.

Haruna yana nan, ga shi can matar Malam Ilu tana ba shi nono tare da nata. Wurin ya warke, ina sa masa ƙarfen safe da yamma, yana kuka ina kuka. Masakin na rataye shi, ban sake zuba nono a ciki ba. Masu tambayata yaya Kano, abin da na gani ke nan. Abu ɗaya ne ban gani ba a tafiyar duka: fuskar Saude sa'ad da take kallon ɗanta. Bayana na ba ta.